Mai Tsintar Murya a Ɗakin Sanyi

Ku rage fitilar nan. Mai jin fitsari ya tashi yanzu, don in na fara babu mai raka wani bayan gida.

Wannan abin ba da dare ya faru ba. Ranar Juma'a ce, rana tsaka, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa ta ɓuya. A kan Balaraba ya faru, injiniyar wani ƙaramin gidan rediyo da ba zan faɗi sunansa ba.

Balaraba 'yar siririya ce, bakinta ba ya hutawa, ga Allah ya ba ta kwaikwayo. In Manaja ya wuce, kafin ya kai ƙofar ofis ta turo ciki gaba, ta shaƙe hanci ta ce, "E to, za mu duba, za mu duba," sai ka ga shayi yana fitowa ta hancin mutane. Amma aiki kam ta iya shi, wannan ba mai ja.

Gidan rediyon yana da rassa biyu a wasu garuruwa. Shirye-shirye ga nauyi, data ga tsada. Sai ta haɗa musu dabara, kwamfutocin gidajen uku su riƙa raba wa juna kai tsaye, gutsure-gutsure. Wannan ta karɓi gutsure daga waccan, ta miƙa wa ta ukun abin da take da shi, har shiri ya haɗu cif a ko'ina. Dokar abin guda ce: wanda ya karɓa sai ya bayar.

To amma kowane gida da katangarsa, wadda injiniyoyi suke ce wa fayawol. Katanga ce mai ƙofofi dubbai, kowace da lambarta, duk a rufe sai wadda aka buɗe da gangan. Masu zuwa ƙofa kuma iri biyu ne. Akwai mai sallama, ya tsaya sai an amsa masa sannan ya shigo, shi suke kira TCP. Akwai wanda ba ruwansa da sallama, ya jefo saƙonsa ya yi gaba, shi ne UDP. Mai hankali ƙofa ɗaya yake buɗewa, ga baƙo iri ɗaya, daga adireshin da ya sani.

Ranar da Balaraba ta haɗa abin sai ya ƙi tafiya. Ga yunwa, ga Manaja a tsaye a kanta yana duba agogo. Ta fusata ta wangale ƙofa ɗari da 'yan kai, ga mai sallama da marar sallama, daga ko'ina mutum ya fito. Nan take abu ya tafi. Ta ce gobe ta gyara.

Goben nan ta yi wata uku.

Sai aka fara jin wani abu. Malam Barau mai karanta labarai, mutum mai murya kamar an buga ganga a cikin randa, yana tsakiyar labaran safe ya zo kan kalmar "jama'a", sai ta fito da muryar mace. Siririya, har da ɗan yanga. Ya yi gyaran murya ya sake. Mace dai. Aka ce makirufo ne, aka canza. Bayan kwana biyu mai shirin noma ya ce "taki" da muryar jariri mai koyon magana. Aka koma kan tsofaffin shirye-shiryen da ke ajiye, sai ga ramuka a ciki. Kalma nan, kalma can, an ƙwaƙule kamar da tsinin wuƙa.

Balaraba ta buɗe jerin kwamfutocin da ke rabon. Uku ya kamata ta gani.

Huɗu ta gani.

Na huɗun ba shi da adireshi. Wurin fari fat. Yana karɓa, yana bayarwa, kuma kullum ta hanyar marasa sallama yake shigowa.

Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san wa ya bar ƙofa a buɗe. Ta jira Juma'a. Maza suka yi alwala suka fice masallaci har da maigadi, aka bar dogon karatu yana tafiya a iska shi kaɗai. Ta ɗauki laftof ɗinta ta nufi ɗakin na'urori.

Ɗakin yana can ƙarshen baranda, sai ka sauka matakala uku. Tsohon sito ne, ba taga. An zaɓe shi ne saboda sanyinsa. Ko a tsakiyar bazara, kana shiga tsigar jikinka take tashi. Manaja ya yi murna ba sai ya sayi esi ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayar daga ina sanyin yake zuwa.

Ƙofar ta ƙarfe ce, da kati ake buɗe ta, shiga da fita. Dantani ne ya kafa ta, taubashin Balaraba, autan Gwaggonta Asabe. Akwai maɓallin da ya kamata ya sa daga ciki saboda tsautsayi. Wayoyinsa biyu suna nan a leƙe a jikin bango. Shekara guda ke nan yana cewa sati mai zuwa.

Ta shiga. Ƙofa ta ce ƙyas a bayanta.

Ta zauna a ƙasa gaban kantar ƙarfen da na'urorin suke jere, ta jona laftof. Da hankalinta a kwance yake, da ɗaya bayan ɗaya za ta bi dokokin tana tsincewa. Amma tsoro ne a cikinta, tana so ta gama ta fita. Sai ta share dokokin katangar kaf, tun daga na farko har na ƙarshe, ta rubuta guda ɗaya: a hana kowa, shiga da fita.

Ta danna.

Na huɗu ya ɓace daga jerin.

Ta sauke numfashi. Saura ta hau ofis ta ɗauko littafin da ta rubuta lambobin ƙofofin da ake bukata, ta dawo ta buɗe su da tsari. Ta miƙe ta kara katinta a jikin ƙofa, ta dubi 'yar fitilar da ke kanta.

Ja.

Ta goge katin a mayafinta ta sake karawa.

Ja.

Sannan ta tuna. Ƙofar ba ta san kowa ba. Duk wanda ya kara kati, sai ta tambayi kwamfutar da ke teburin karɓar baƙi, "In buɗe?" Kuma ta cikin katangar tambayar take wucewa. Balaraba da hannunta ta toshe wa ƙofa baki. Lambar da ƙofar take bi kuwa tana cikin dokokin da ta share.

Ta daki ƙarfen da tafin hannu. Ƙarar ko matakala ba ta hau ba.

"Injiniya!"

Muryar Manaja ce, da shaƙewar hancin da komai.

"Na'am!" Bakinta ya riga hankalinta.

Sai ta tuna Manaja yana masallaci. Kuma muryar ba daga waje ta zo ba. Daga bayan kantar ta zo.

Ta leƙa a hankali.

Wani dattijo ne zaune a kan kifaffen bokitin fenti. Farar riga tas, hula zanna, gemu a gyare. Fankokin na'urori suna hura iska a kansa, amma ko zare ɗaya na rigarsa ba ya motsi. Ta kai ido ƙasa. Ƙafafunsa sun nutse a cikin siminti har idon sawu, yana ɗan kaɗa su, kamar mai hutawa a bakin rafi.

"Sannu," ya ce da muryar mai shirin girki. "Da," wannan wani ɗan kasuwa ne mai tallan maganin basir. "Aiki," Malam Barau.

Kowace kalma da mai ita. Kuma bakinsa sai kalmar ta fita sannan yake motsawa, kamar yana binta a baya.

"Sake faɗin abin da kika ce ɗazu."

Ba ta yi niyya ba, amma ta gwada. Ta buɗe baki ta ce na'am.

Muryar wani tsoho ce ta fito, marar haƙori, mai majina a ƙirji.

Ta toshe bakinta da hannu biyu. Dattijon ya yi murmushi, ya ce "na'am" da muryarta, garau, irin wadda take amsa wa innarta da ita.

Ta jingina da ƙofa ta kama karatu, duk abin da ya zo bakinta na neman tsari. Dattijon ya sunkuyar da kai cikin ladabi yana saurare. Da ta yi tuntuɓe a wata aya, ya ɗaga yatsa ya gyara mata da muryar wani alaramma.

"Wannan ba na taɓawa," ya ce, muryoyi suna karɓeɓeniya a bakinsa. "Ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Ni ma masallaci na so zuwa, 'yata. Kika rufe mu."

Ta cije leɓe don kada wata kalma ta kuɓuce mata.

"Nan rijiya ce. Tun kafin garin. Kuka zo kuka shafe ta da siminti, kuka ɗora mini ƙarafa a ka. Shekara uku kuna shan sanyina. Na ce wani abu? Ba ni da bakin cewa. Mu ba a ba mu irin harshenku ba. Sai ran nan na ji an buɗe ƙofofi, muryoyi suna wucewa ta kaina kamar kasuwa. Na tambayi doka. Aka ce wanda ya karɓa ya bayar. Na karɓa, na bayar. Duk wanda na ɗauki kalmarsa, in ina da irinta ta wani, na ba shi. Na ci haƙƙin wa?"

"Ai kwafa ake yi, ba ɗauka ba!"

Ta faɗa kafin ta kama kanta. Ta ji kalmomin suna zarewa daga maƙogwaronta ɗaya-ɗaya, kamar ana zare ƙaya. Dattijon ya lumshe ido yana tauna su.

"Mu ba mu iya kwafa ba," ya ce, kuma "kwafa" ɗin tata ce. "Abin da ya zo hannunmu ya baro hannun mai shi."

Ta ja laftof ta rubuta da manyan baƙaƙe, ME KAKE SO, ta juya masa.

Ya leƙa ya girgiza kai. "Ban yi boko ba. Amma na san tambayar. Layi ɗaya za ki rubuta, kin fi ni sani. A bar kowa. Ƙofarki ta buɗe, ki tafi gida ki ci tuwo. Tawa ma ta buɗe."

Ya nuna ƙasa da haɓa.

"Gidana mutum ɗari huɗu ne. 'Ya'ya, jikoki, surukai. Ba mai harshe. Abin da na tsinta ko ni bai ishe ni ba. Amma na ji akwai wasu gidaje biyu, bayansu kuma akwai wayoyin masu bugowa, garuruwa guda-guda. Kowa a ɗan gutsira masa. Ba za su ji ba."

Baki ɗari huɗu. Balaraba ta tuna masu bugowa shirin gaishe-gaishe, tsofaffi masu jero sunayen jikoki, amare masu kunya, direbobin tirela. Ta girgiza kai.

"To," ya ce da muryar wata yarinya mai tallan gyaɗa.

Ya zaro ƙafarsa ta dama daga cikin siminti. Ya zaro ta hagu. Ya naɗe su a kan bokitin.

Sanyin ya tsaya cak, kamar an rufe famfo.

Ba ta taɓa sanin yawan zafin da ƙarafan nan suke fitarwa ba sai ranar. Kafin minti biyar fankoki sun fara kuka. Kafin goma mayafinta ya manne da wuya. Iskar ɗakin ta yi kauri, tana warin ƙonannen roba. Ta kai hannu za ta kashe na'urorin, sai ta janye. In ta kashe su, ƙofar ba ta da hanyar tambaya har abada.

"Ba sauri nake ba," in ji dattijon. "Zafi yakan sa suma. Mai suma yakan yi sambatu. Ku mutane in kun fara ba kwa ragewa, har sunan 'yar tsanarku ta yarinta kuke faɗa. Zan jira in kwashe."

Ta zaro wayarta. Ba sabis. Ta zaga ɗakin da ita a sama, kusurwa-kusurwa. A saman ƙofa, inda wayoyi suka huda bango, sandar sabis ɗaya ta leƙo. Ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa ta rubuta wa Dantani tes: Na kulle kaina a ɗakin na'ura. Turo lambar da ƙofarka take bi, TCP ce ko UDP. Maza.

Saƙon ya daɗe yana juyi, sannan ya tafi.

Wayar ta yi ƙara. Shi ne. Ta katse, ta sake rubutawa: Rubuto kawai.

Amsa ta zo: Hahaha. Yau uwar ɗaki ta faɗo hannun bawa. Ba na ba da lamba a rubuce. Baki da baki.

Kun san tsakanin ɗan mace da 'yar namiji. Tun suna yara take kiransa bawanta, a gaban abokansa, a gaban budurwarsa. Shekara ashirin da biyar yana jiran rana irin wannan.

Ya sake kira. Gumi yana shiga idonta. Ta ɗauka ta sa a lasifika, hannunta a miƙe sama.

"Injiniya da kanta!" Ana jin huɗuba daga nesa, da takun mutane. "Babbar injiniyar da ba a gaya mata! Wai kulle kanki kika yi? Kai, Allah na gode maka da ka nuna mini yau."

"Lamba," ta ce. Kalmar ta zare ta tafi.

"Lamba? Haka ake roƙo a gidanku? Ba gaisuwa, ba komai? To saurara. Ce, ni Balaraba baiwarka ce, ranka ya daɗe. Sau ɗaya tak. Sai in ba ki."

Dattijon ya matso da bokitinsa. Idanunsa suka yi haske. Ta gane abin da yake hange. Da "ni", da sunanta, da muryarta. Wanda ya riƙe waɗannan zai iya tsayawa a ƙofar kowane gida na danginta ya yi kira a buɗe masa.

"Don Allah," ta ce. Wannan kam dattijon bai taɓa shi ba. "Don Allah. Don Allah."

"A'a, yau bakin ya mutu? Ke da sai an roƙe ki ki yi shiru? Baiwa, ana shirin tada salla. Ina sa ƙafa a sahu zan kashe waya, sai kuma bayan na ci abinci na yi barci. Zan ƙirga uku."

"Lamba!" ta ƙwalla.

Muryar Malam Barau ce ta fito, ta cika ɗakin.

Dantani ya fashe da dariya har yana tari. "Kai! Har Malam Barau kin iya? Wallahi ke annoba ce. Amma ba za ki saye ni da wannan ba. Ɗaya."

Bango ya fara lilo a idonta. Amma maganarsa ta kunna mata wani abu. Kin iya. Dattijon muryarta yake tsinta. To in ba da tata ta yi magana ba fa? In ta ari ta wani, abin da zai shiga hannunsa jabu ne. Ya je ya raba wa jikokinsa jabu.

"Biyu."

Mutum ɗaya ne a duniya Dantani ba ya yi wa musu. Balaraba ta sha kwaikwayonta a gidan biki, mata suna faɗuwa ƙasa don dariya. Ta karkace baki gefe, ta tura harshe inda Gwaggo Asabe take da wushirya, ta ja dogon tsaki irin nata.

"Dantaniii! Autana! Ba ta lambar nan yanzu!"

Ita kanta sai da ta tsorata. Kwaikwayo yakan yi kama ne kawai. Wannan bai yi kama ba. Har 'yar feɗuwar da ke bin wushiryar ta fito, har rawar da muryar take yi a ƙarshen suna. Kuma ta ji ɗacin goro a bakinta, ita da ba ta cin goro.

Dariyar Dantani ta yanke.

"Inna? Inna, me kike yi a... Balaraba? Ke ce?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Wannan ba wasa ba ne. Kada ki sake yi mini shi. Dubu huɗu da ɗari huɗu da goma. TCP. In zo?"

Sabis ya ɗauke.

Ta zube gaban laftof. Yatsunta suna santsi a kan maɓallai, gumi yana ɗiga a kansu. Dattijon ya miƙe ya tsaya a bayanta, ba ta ji takunsa ba.

"Wahala kike so," ya ce a hankali. "In kika kuskure lamba ɗaya fa? Ga hanya mai sauƙi. A bar kowa. Kalma uku."

Ba ta waiga ba. Ta rubuta dokar a saman ta hanin, don katanga daga sama take fara karatu. Ƙofa ɗaya, dubu huɗu da ɗari huɗu da goma. Mai sallama kaɗai. Daga adireshin ƙofar ƙarfe zuwa adireshin teburin baƙi, ba wani ba. Ta karanta sau biyu, baƙaƙen suna rawa. Mai sallama dole ya faɗi daga inda ya fito kafin a amsa masa. Wanda ke bayanta kuwa ba shi da inda zai ce.

Ta danna.

Ta rarrafa zuwa ƙofa, ta kama mariƙi ta miƙe, ta kara kati.

Fitilar ta yi ƙyafta. Ta sake ƙyaftawa.

Kore.

Ta faɗa waje da kafaɗa, ta zube a kan matakala, iskar baranda mai zafin rana ta zame mata kamar ruwan randa. Ta waiga. Bai biyo ta ba. Ya koma kan bokitinsa, yana mayar da ƙafafunsa cikin siminti. Ba alamar fushi a fuskarsa. Kafin ƙofar ta rufe ta ji yana gwada wani abu ƙasa-ƙasa, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Dantaniii. Autana."

Ta yi dariya a ranta, tana haki. Tsoho ya karɓi jabu yana murna.

Ta lissafa asararta a hanyar gida. Na'am ta tafi. Kwafa, ɗauka, lamba, da 'yan ƙanana huɗu. Duk suna fita, amma da muryoyin wasu mutane. Ta ce ba komai, mutum zai iya rayuwa yana kewaye kalma takwas. Ta tsira da sauran, ta tsirar da gari.

Bayan la'asar ta yi wanka ta nufi gidan Gwaggo Asabe, da niyyar ta ci wa Dantani mutunci a gaban uwarsa.

Ta tarar da Gwaggo a tsakar gida a kan tabarma, tana tsinkar zogale a faranti. Suka gaisa lafiya lau. Gwaggo ta tambayi mutan gida, ta yi mata faɗan rama, ta ce aikin nan na waya-waya zai ƙarar da ita. Sai ga Dantani ya fito daga ɗakinsa zai wuce zaure, yana satar kallon Balaraba.

Gwaggo ta ɗaga kai za ta kira shi. Matar da take kiran sunan nan sau hamsin a yini, in abinci ya nuna, in akuya ta ɓalle, in ma ba komai, don dai ta ji ya amsa.

Ta ja tsakinta. Ta buɗe baki.

Iska ce ta fito.

Ta yi tari. Ta ɗauki moɗa ta kurɓi ruwa, ta sake buɗe baki. Leɓɓanta suka yi siffar sunan tsaf. Babu ko ɗigon sauti.

"Kai," ta ce. "Kai... wane. Zo."

Dantani ya tsaya. "Inna, ni?"

"To da wa nake?" Ta juyo ga Balaraba tana murmushin da bai kai ido ba, hannunta a maƙogwaro. "Kin ga wani abu, 'yar ɗan'uwana. Sunan yaron yana kan harshena. Ina jin sa. Ya ƙi fita. Ɗaya sunan ma da nake kiransa, na lele, shi ma ya ƙi."

Balaraba ta kasa ɗaga ido daga farantin zogale. A duk muryoyin da tsohon ya tara, ba wanda ya taɓa kiran sunan nan a rediyo. Ba shi da irinsa da zai bayar a madadi.

An yi rubutu an sha, an je asibiti an leƙa maƙogwaro da fitila, an ce lafiya ƙalau. Balaraba ta sa an kwashe na'urorin an hau da su bene. Sau uku tana komawa ɗakin ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa tana roƙo a yi musaya, a ɗauki nata a dawo da na Gwaggo. Bokitin fenti kawai ta tarar, da ɗaki mai zafi kamar kowane ɗaki.

Har yau in Gwaggo Asabe tana son autanta, cokali take bugawa a jikin kwano. Shi kuma duk inda yake a gidan ya taso da gudu yana cewa ga ni, Inna. Balaraba kuwa ba ta ƙara kwaikwayon kowa ba. A gidan biki in mata suka ce ta yi musu Gwaggo, tashi take ta bar wurin.

Saboda haka in kuka shiga ɗakin da ya fi sauran gidan sanyi ba fanka ba esi, ku tambayi tsofaffin unguwa me ke ƙarƙashinsa. Kada ku shiga ku kaɗai, ko da rana ta take. In kuma tsautsayi ya rufe ku a ciki, ku biya da bakinku. Kada ku ari na wani.